Ƙanena ya sayi wayar sata bai sani ba: wace doka ce za ta hukunta shi a Katsina?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Daura. Ƙanena ya sayi waya ta hannu a wajen wani yaro, bayan 'yan makonni 'yan sanda suka bi sawunta suka kama shi, wai ta sata ce. Wani ya ce mana ɗaurin shekara 14 ne, wani kuma ya ce in aka kai shi kotun Musulunci hannu za a yanke. Don Allah wace doka ce ke aiki a jihar nan, kuma mene ne hukuncin laifuffukan da aka saba gani yau da kullum?

Amsa: Malam, Allah ya kawo mafita, ya fid da shi lafiya. Bari in fara da maganar hannu tunda ita ce ke hana ku barci. Ba a yanke hannun wanda ya sayi kayan sata, ko a fiƙihu ko a dokar jiha. Haddin sata na wanda ya je ya ɗauko ne. Shekara 14 kuwa tana nan a rubuce, wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba, sai dai ya bar rabin zancen a baya. Kafin mu kai ga wannan rabin, sai ka san cewa kai da ni da ƙanenka muna zaune ne ƙarƙashin dokokin laifi iri uku a lokaci guda.

Ta farko ita ce Final Kod, tsohuwar dokar Arewa. A 1958 gwamnatin Sardauna ta kira kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan na lokacin, Muhammad Abu Rannat, don a samar da doka guda da za ta hau kan Musulmi da wanda ba Musulmi ba kafin Turawa su tafi. Majalisar Arewa ta zartar da ita a 1959, ta fara aiki a 1960. An ɗauko gininta daga dokar Sudan, ita kuma ta Sudan daga ta Indiya ta 1860. Kudancin ƙasar nan wata doka daban yake bi, shi ya sa abin da lauyan Legas ya faɗa maka a rediyo ba lalle ya dace da kotun Daura ba. Da aka cire Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna a 1987, da wannan doka ta taho, kuma tun daga nan majalisar jiha ke yi mata gyare-gyare. Lambobin sassan da zan ambata, da shekarun ɗaurin da ke cikinsu, na asalin Final Kod ne, wanda da shi ake horar da kowane lauya a Arewa. Abin da zai yi aiki a kan ƙanenka shi ne sunan doka da lambar sashen da aka rubuta a takardar tuhumarsa, don haka a karɓi kwafinta a karanta.

Ta biyu ita ce dokar laifuffuka ta shari'ar Musulunci. Katsina ta bi sahun Zamfara a shekara ta 2000, zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, aka kuma fitar da rubutaccen kundi a 2001 bisa mazhabar Malikiyya. Dole ce ta sa aka rubuta shi sashe-sashe: sashe na 36(12) na tsarin mulkin 1999 ya hana a hukunta mutum kan laifin da ba a bayyana shi da hukuncinsa a rubutacciyar doka ba. Ke nan alƙali ba zai buɗe littafin fiƙihu kawai ya ɗaure ka ba, sai ya nuna sashen dokar jiha. Wannan doka kan Musulmi take hawa. Wanda ba Musulmi ba ba a kai shi can sai in shi ya yarda.

Ta uku dokokin tarayya ne, irin na miyagun ƙwayoyi, da damfara, da ta'addanci, da laifuffukan intanet, da mallakar bindiga.

To wa ke zaɓar wadda za a bi? A aikace, inda ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya kai takarda, ko inda mai ƙara ya je ya yi ƙorafi kai tsaye. Laifi guda, a gari guda, sai ka ga wani ya tsinci kansa gaban majistare, wani gaban alƙalin kotun Musulunci. Ni dai wannan tsari bai taɓa kwanta mini ba, don ya ba wanda ya riƙe takarda ƙarfin da ya wuce kima, amma haka abin yake.

Yanzu ga rabin zancen da aka bari. Yawancin sassan Final Kod cewa suke yi ɗauri "wanda zai iya kaiwa" shekara kaza, ko tara, ko duka biyun. Adadin rufi ne, alƙali ba zai wuce shi ba, amma yana da damar sauka ƙasa har zuwa 'yan watanni ko tara kaɗai. Yana duba darajar abin, da ko mutum ya taɓa yin laifi, da shekarunsa, da ko an mayar wa mai kaya kayansa. Akwai kuma wasu dokoki da suke cewa "bai gaza" shekara kaza ba, ko su ambaci hukunci guda tak. A nan hannun alƙali a ɗaure yake, ko da tausayi ya cika masa zuciya. Duk wanda ya zo maka da adadin shekaru, tambaye shi: rufi ne ko ƙasa? Da zaɓin tara ko babu? Mafi yawan tashin hankalin da nake gani a fuskar iyaye daga rashin wannan tambayar yake.

Laifin da ake zargin ƙanenka da shi shi ne karɓar kayan sata, sashe na 317: ɗauri da zai iya kaiwa shekara 14, ko tara, ko duka. Ka lura ya fi na satar kanta nauyi, domin sata tsagwaronta a sashe na 287 shekara 5 ce rufinta. Hikimar ita ce in ba mai saye, ɓarawo ba shi da kasuwa. Amma ba a kama mutum da wannan laifi don kawai an ga kayan a hannunsa. Sai mai gabatar da ƙara ya tabbatar da abu uku: kayan na sata ne, sun shiga hannun wanda ake tuhuma, kuma ya san na sata ne ko yana da dalilin da zai sa ya yi zaton haka. Na ukun nan shi ne filin daga.

Ba wanda ke iya buɗe zuciyar mutum, don haka kotu yanayi take dubawa. Nawa ya saya, nawa ake sayar da irinta a kasuwa? Wayar da kowa ya san ta kai dubu 200 in aka ba ka ita a dubu 40, araha ba ta ado, kuma alƙali ma yana zuwa kasuwa. A ina aka yi cinikin, a shago da rana ko a bakin tasha bayan isha'i? Akwai kwali, akwai rasit, akwai shaida? Wayar a buɗe take ko sai da aka kai ta aka goge, aka cire makullin mai ita? Da 'yan sanda suka zo, ya faɗi wanda ya sayar masa nan take ko ya yi ta kame-kame? Sashe na 167 na dokar shaida ta 2011 ya ba kotu damar ɗaukar wanda aka samu da kayan sata jim kaɗan bayan satar a matsayin ɓarawon ko mai karɓa, sai in ya yi bayanin yadda suka zo hannunsa. Wannan "sai in" ita ce ƙofar ƙanenka. Ba a neman ya tabbatar da gaskiyarsa ɗari bisa ɗari, bayani mai shiga hankali ake nema, nauyin tabbatar da laifi yana nan a kan mai ƙara.

Saboda haka aikinku na yau, tun kafin batun lauya, shi ne nemo yaron da ya sayar, da duk wanda ke wurin lokacin ciniki. In ta banki aka tura kuɗin, a fitar da shaidar turawa. In ta WhatsApp suka yi magana, kada a goge komai. Ku kuma cire rai da wayar da kuɗin da aka biya, mai ita za a mayar wa, sai dai ku bi wanda ya sayar.

Akwai wata tambaya da nake so ku yi wa ɗan sandan da ke bincike, a hankali cikin ladabi: ta yaya wayar ta bar hannun mai ita? In zare ta aka yi daga aljihu ranar kasuwar Mai'aduwa, ko aka ɗauke ta daga caji a shago, sata ce. In kuwa tare shi aka yi a lungu aka nuna masa wuƙa, an tashi daga sata an koma fashi, kuma dokar fashi da makamai ta 1984 ba ta san wasa ba. Fashi ko ba makami, ɗauri ne da bai gaza shekara 21 ba. In da makami, ko mutum yana tare da mai makami, ko an ji wa wani rauni, hukuncin kisa ne, babu zaɓi. Makami a nan ba bindiga kaɗai ba ce, wuƙa da adda da gora duk sun shiga. Wanda ya karɓi kayan da ya san daga irin wannan fashin suka fito, dokar ta tanadar masa ɗaurin rai da rai. Yaran nan kauraye da ke ƙwacen waya a unguwannin Katsina, da yawansu suna ganin ƙaramar ɓarna suke yi, ba su san sashen da ake karanta wa ɗan fashin babbar hanya shi ake karanta musu ba. Wanda ya tsaya gadi a bakin lungu da wanda ya tuƙa babur duk hukuncinsu ɗaya da mai wuƙar.

Bambancin ba a shekaru kaɗai ya tsaya ba. Majistare na iya sauraron shari'ar sata ya ba da beli a ranar. Laifin da hukuncinsa kisa ne a dokar fashin nan kuwa Babbar Kotun Jiha kaɗai ke da hurumi, beli kuma sai da dalili na musamman. Abin da ake yi shi ne a kai mutum gaban majistare a karɓi izinin tsare shi, a tura fayil Ma'aikatar Shari'a don neman shawarar lauyoyin gwamnati. A wannan jiran ne mutane ke shafe watanni, wasu shekaru, a gidan gyaran hali ba tare da an fara shari'arsu ba. Kalma guda da aka rubuta a saman takarda ita ke raba mai kwana a gida da mai jiran shari'a, shi ya sa nake cewa a sa ido kan takardar tun a caji ofis.

Sata ma hawa-hawa ce. A cikin gida ko shago ko rumbun ajiya rufinta shekara 7 ne, haka ta yaron shago ko ma'aikaci da ya ɗebi kayan ubangidansa. Fasa gida da dare ya fi duka nauyi.

Mu koma kotun Musulunci, tunda nan tsoronku yake. Haddin sata yanke hannun dama ne, amma sharuɗɗansa da yawa. Sai ɓarawon ya balaga kuma yana da hankali. Sai kayan sun kai nisabi, wato rubu'in dinarin zinari ko dirhami 3 na azurfa. Sai an ɗauke su a ɓoye daga hirzi, ma'ana wurin da aka saba adana irinsu. Sai babu shubuha, kamar uba ya ɗauki na ɗansa, ko yunwa mai halakarwa ta tilasta mutum. Sai kuma an samu shaidu biyu adalai ko mutum ya yi iƙirari da bakinsa, kuma yana da damar janye iƙirarin. In sharaɗi ɗaya ya faɗi, haddi ya faɗi, a koma ta'aziri: bulala, ɗauri ko tara, gwargwadon abin da doka ta ƙayyade. Mai sayen kayan sata tun farko a ta'aziri yake. Ko an yanke hukuncin haddin ma, ba a zartar da shi sai an gama ɗaukaka ƙara kuma gwamna ya sa hannu. Sunan Buba Bello Jangebe, wanda aka yanke wa hannu a Zamfara a shekara ta 2000 kan satar saniya, ya zauna a bakin mutane ne saboda irinsa ba su da yawa.

Shari'ar da ta fi nuna yadda sharuɗɗan haddi ke aiki a nan jiharmu aka yi ta. A 2002 kotun shari'a ta Bakori ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jifa kan zargin zina, babbar kotun shari'a ta Funtuwa ta tabbatar. A watan Satumbar 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta sallame ta, alƙalai huɗu suka rinjayi ɗaya. Duniya ta yi ta surutu kan matsin lamba daga waje, amma dalilan da kotun ta bayar daga cikin fiƙihun Malikiyya da dokar jiha suka fito: tana da haƙƙin janye iƙirarinta, ba a cika adadin waɗanda ya kamata su zauna shari'ar farko ba, kuma akwai mas'alar kwantaccen ciki, wadda ke iya jingina ɗa ga tsohon miji. Sauran haddodi a taƙaice: shan giya bulala 80, ƙazafi bulala 80, zina ga wanda bai taɓa aure ba bulala 100.

Inda dokokin biyu suka fi rabuwa shi ne kisan kai, kuma mutanenmu suna yawan ruɗewa a nan. A kotun Musulunci jini haƙƙin magada ne. Suna iya neman ƙisasi, suna iya karɓar diyya, wadda asalinta raƙuma 100 ne ko dinari 1,000 ko dirhami 12,000, suna iya yafewa. Sani Yakubu Rodi, wanda kotun shari'a a Katsina ta samu da laifin kashe wata mata da 'ya'yanta biyu, an rataye shi a Kaduna a watan Janairun 2002. A ƙarƙashin sashe na 221 na Final Kod kuwa, gwamnati ce mai ƙara. Dangin mamaci su zo su yi rantsuwa sun yafe, wannan bai rufe shari'a ba. Antoni Janar ne kaɗai ke iya janye ƙara bisa sashe na 211 na tsarin mulki, in kuma an riga an yanke hukunci, sai afuwar gwamna bisa sashe na 212. Sau da yawa iyalai kan sayar da gona su biya diyya a gaban manyan gari, suna zaton ɗansu zai fito washegari, alhali fayil ɗinsa yana Babbar Kotu ba abin da ya taɓa shi.

Ba kowane kisa ne na sashe na 221 ba. In an tsokani mutum tsokana mai tsanani ya aikata nan take kafin zuciyarsa ta huce, ko faɗa ne ya ɓarke ba shiri, ko ya wuce gona da iri wajen kare kansa, hukuncin na komawa sashe na 224: ɗaurin rai da rai ko ƙasa da haka. Wanda ya koma gida ya ɗauko wuƙa ya dawo, da wuya ya samu wannan rangwame. A nan kuma zan ja kunnen masu "a kashe ɓarawo". Doka ta ba ka damar kare kanka da dukiyarka, ta ba ka damar kama ɓarawo ka miƙa shi. Da zarar ya shiga hannu, duk wanda ya ɗaga sanda ya shiga sahun masu laifi, in kuma ya mutu, sashe na 79 kan manufa guda zai iya haɗa duk wanda ya sa hannu a tuhumar kisa. Yau ga waya a hannun kowa, bidiyon da ake ɗauka don nishaɗi shi ke zama shaida.

Faɗan yau da kullum ya danganta da raunin. Rauni mara tsanani rufinsa shekara 1. Mummunan rauni shekara 7, in da makami aka yi shi ya kai 14. Abin da mutane ba su sani ba shi ne faɗin ma'anar mummunan rauni a sashe na 241: karaya, gocewar ƙashi, fitar haƙori, lalata ido ko ji, tabo na dindindin a fuska, ko ciwon da ya hana mutum harkokinsa har kwana 20. Naushi guda da ya cire haƙori a rikicin layin mai ya isa.

Sai kuma wanda ya shafe ku 'yan kasuwa kai tsaye, wato bashi. Bashi ba laifi ba ne. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta faɗa ƙarara cewa ba a kama mutum kan saɓa yarjejeniya ko rikicin da ba na laifi ba, ta kuma hana kama wani a madadin wani, irin a ɗauke uwa ko mata don a tilasta mai laifi ya fito. Duk da haka kullum ana mayar da bashi "cin amana da zamba" a takarda don a tsorata wanda ake bi. Ga yadda ake rarrabewa. In ka ba mutum buhunan gero bashi ya sayar ya faɗi, kuɗinka kake bi, kotun farar hula ko ta Musulunci za ka kai ƙara. In ka ba shi ajiya, ko ka aike shi da kuɗi ya sayo maka shanu a Charanci ya je ya yi aure da su, wannan cin amana ne, sashe na 312, rufinsa shekara 7, ya fi haka in ma'aikacinka ne ko wakilinka. In kuwa tun farko da ƙarya ya karɓa, ya nuna maka filin da ba nasa ba, wannan zamba ce, shekara 3 zuwa 7 gwargwadon sashen da aka bi. In EFCC ta ɗauke shi ƙarƙashin dokar damfara ta 2006, ɗauri ne daga shekara 7 zuwa 20 ba zaɓin tara. Wanda kuma ya ba da cakin banki ya san ba kuɗi a asusun, dokar 1977 ta ba shi shekara 2, ita ma ba tara.

A 2019 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu kan gyaran da ya mayar da garkuwa da mutane da satar shanu laifuffukan kisa a jihar, fyaɗe kuma ɗaurin rai da rai. Duk wanda ya san abin da mutanen Batsari da Jibiya da Safana da Faskari suka gani ya san dalili. Abin lura shi ne tuhuma ba ta tsayawa kan mai bindiga a daji. Infoma da ke cikin gari, da mai kai mai ko burodi ya san inda za su, da mai sayen shanun da ya san na sata ne, duk ana haɗa su ta ƙofar haɗin baki da taimakawa, ga kuma dokar ta'addanci ta tarayya ta 2022. Dillalin da aka kawo masa shanu da tsakar dare ba tare da wanda ya san mai su ba, matsalarsa irin ta ƙanenka ce, sai dai abin da ke kansa ya fi girma nesa ba kusa ba.

Ƙwaya ta NDLEA ce, shari'arta kuma a Babbar Kotun Tarayya ake yi. Sashe na 19 na dokar hukumar ya sa shekara 15 zuwa 25 kan mallakar hodar ibilis da makamantanta, safara kuma har rai da rai, ko da yake alƙalai kan sassauta wa wanda aka kama da ɗan abin shansa. Ɓata suna shekara 2 ne rufinsa a sashe na 392 na Final Kod, kuma rubutun Facebook ko muryar da aka tura zauren WhatsApp duk suna shiga. Hisba da 'yan sintiri da jami'an tsaron al'umma na jiha suna iya kamawa su miƙa, suna iya sulhu, amma yanke hukunci na kotu ne kaɗai.

Dawo kan abin da ke gabanku. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Daura akwai kotuna, don haka ba hujjar ajiye shi mako guda kan wannan tuhuma. Belin caji ofis kyauta ne a doka, abin da ake buƙata mai tsaya masa. Yana da haƙƙin yin shiru har sai ya ga lauya ko wanda ya amince da shi. In za a rubuta bayaninsa, ya faɗa da Hausa, a karanta masa abin da aka rubuta kafin ya sa hannu ko ya dangwala. Bayanin da aka karɓa da duka kotu na iya watsi da shi bisa sashe na 29 na dokar shaida, dokar hana azabtarwa ta 2017 kuma ta tanadi ɗauri har shekara 25 ga jami'in da ya yi. Amma fitar da takarda daga fayil bayan an sa mata hannu aiki ne mai wuya, gara kada a sa.

Ranar farko a kotu ita ce mafi haɗari. Za a karanta masa rahoton farko na 'yan sanda, wanda ake kira FIR, a tambaye shi ko gaskiya ne. Yaro mai gaskiya sai ya ce "e, gaskiya ne", yana nufin e, a hannunsa aka samu wayar. Abin da za a rubuta shi ne ya amsa laifi, kuma majistare na da ikon yanke masa hukunci nan take ba tare da kiran shaida ko ɗaya ba. Wasu ma a bakin kotu ake raɗa musu cewa su amsa kawai a ci su tara su tafi gida. Ko da tarar ce aka yi, sunansa ya shiga cikin waɗanda kotu ta taɓa kamawa da laifi, kuma zai ci karo da wannan ranar neman aikin gwamnati ko na ɗamara. Abin da zai faɗa shi ne: na saya, ban san ta sata ba ce, ban amsa laifi ba. In bai fahimci abin da aka karanta ba ya nemi tafinta, kyauta ne.

Sulhu yana da gurbi. Doka ta yarda a sasanta wasu ƙananan laifuffuka, wasunsu da izinin kotu, kuma mai waya in ya samu wayarsa ya ga an kamo ainihin ɓarawon, galibi ba ya son ci gaba da zarya. A yi shi a gaban kotu ko da saninta, a rubuta. Kuɗin da aka miƙa a bayan caji ofis don "a kashe magana" ba ya kashe komai. In ba ku da halin ɗaukar lauya, Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya tana da ofis a Katsina, aikinta ke nan kare marasa ƙarfi kyauta.

In har an kai ga hukunci bai yi muku daɗi ba, kada ku zauna jiran ikon Allah kawai, lokaci ƙayyadadde ne: galibi kwana 30 daga ƙaramar kotu, kwana 90 daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Lauya ya roƙi a lissafa kwanakin da ya riga ya yi a tsare, in kuma tuhuma fiye da ɗaya ce, ya roƙi ɗaurin ya tafi tare maimakon ɗaya bayan ɗaya. A gidan gyaran hali ana rage sulusin wa'adi ga mai kyakkyawan hali, wanda aka yanke wa shekara ɗaya yakan fito bayan wata 8.